Silikon a Kayan Kwalliya: Inda Ya Kamata NAFDAC Ta Sa Ido

Kamfanonin kayan kwalliya sun mayar da rubuta "babu silikon" a jikin kwalba dabarar talla, har mata da dama suka ɗauka sinadarin guba ne. Binciken kimiyya bai nuna haka ba. Dimethicone, nau'in da aka fi zubawa a man shafawa da man gashi, yana kwanciya ne a saman fata ya tsare danshi, kuma hukumar FDA ta Amurka ta amince da shi a matsayin mai kare fata.

Damuwar tana kan nau'o'in D4, D5 da D6. Tarayyar Turai ta haramta D4 a kayan kwalliya bisa zargin illa ga haihuwa. Tun 2020 ta taƙaita D5 zuwa ƙasa da kashi 0.1 cikin 100 a kayan da ake wankewa, domin yana daɗewa a muhalli bai ruɓe ba. Daga Yunin 2027, ƙa'idar za ta haɗa da mayukan da ake bari a jiki.

Hajar da Turai ta ƙi za ta nemi wata kasuwa, kuma Najeriya na shigo da kayan kwalliya masu yawa. Wajibi ne NAFDAC ta fitar da matsayinta kafin wa'adin, ta miƙa wa jami'an Kwastam jerin abin da za su tare, tun kafin kayan su isa kasuwar Wuse.

Sai dai kada batun silikon ya ɗauke hankali daga mayukan bilicin masu ɗauke da mercury, mai lalata ƙoda. Mai saye ya fara duba lambar rajistar NAFDAC kafin ya saurari talla.