Abin Da Na Hango Daga Saman Duwatsun Kazaure

Asabar ɗin da ta gabata, bayan sallar asuba, na baro Gwiwa tare da ɗalibaina biyu, muka nufi Kazaure domin hawa duwatsun da ke gefen garin. Shekara da shekaru ina wuce su a mota kan hanyar Kano zuwa Daura, amma ban taɓa taka su ba. A gindin dutse muka tarar da wani dattijo mafarauci da ya yarda ya yi mana jagora. Guzurinmu bai wuce ruwa da ƙuli-ƙuli da dabino ba.

Kaka ce, ciyawa ta fara bushewa, ƙarangiya kuwa ta kama mana wanduna. Muna hawa, dattijon yana kiran sunayen itatuwa kamar mai gabatar da danginsa: ga marke, ga geza, ga magarya, ga hano wanda masu magani suka saɓule wa ɓawo har ya kusa mutuwa. Sai dai kututturan da muka ƙirga sun fi manyan itatuwan yawa. Sau biyu muka ci karo da ramin gawayi, ɗaya ma da sauran ɗuminsa. Ya ce da ƙuruciyarsa, wanda ya shiga wannan kurmi ba ya ganin rana sai ya kai ƙoli. Mu kuwa tun hantsi ta same mu.

Mun isa sama kafin azahar. Gani ya kori ji, mai karatu. Ga garin a shimfiɗe, ga ruwan madatsa yana walƙiya, ga gonaki sun miƙe iyakar ganin ido. Nan na fahimci abin da na daɗe ina karantawa a littafi. Ɗan Tunku, ɗaya daga cikin masu tutar Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, ya taso daga Dambatta, kuma a 1819 aka kafa wannan masarauta daga sassan ƙasashen Kano da Katsina da Daura. Ya yi shekaru yana fafatawa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, sannan ɗansa Dambo ya gaje shi a 1824. Duk wanda ya tsaya inda muka tsaya zai gane dalilin zaɓen wurin: daga nan ana hango ƙurar dawaki tun daga nesa, duhuwar daji kuma tana hana mahayi kutsawa. Dutse da itace su ne garkuwar garin. Dutsen yana nan, itacen ne ke ƙarewa.

Ba zan ɗora laifin duka a kan mai gatari ba. Talauci ne ya hawar da shi dutse, kuma mu mazauna gari, da tsadar gas da kananzir ta mayar da mu kan gawayi, mu ne kasuwarsa. Ni kaina akwai buhu a gidana.

Jigawa tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ya shafa, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Dashe abu ne mai kyau, amma raya wanda ya riga ya yi saiwa ya fi sauƙi. Tun shekarun 1980 manoman Maraɗi suka daina tumɓuke kututture. Sukan rage tohonsa, su bar mai ƙarfi ya girma. Da wannan dabara itatuwa suka dawo a miliyoyin kadada a kudancin Nijar. Kututturan da muka gani da yawansu suna toho, kariya kawai suke bukata.

Kirana ga masarauta da ƙananan hukumomin Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi shi ne a keɓe wani sashe na duwatsun, a hana sara na wasu shekaru, a ba mafarauta da masu sassaƙa aikin gadi da albashi. Malaman tarihi kuma su riƙa hawa da ɗalibansu, yadda ake hawa Dala a Kano da Kufena a Zariya.

Mun sauko da la'asar. Ɗaya daga cikin ɗaliban ya cika aljihunsa da 'ya'yan marke, wai zai gwada shukawa a makaranta. Allah Ya sa su tsira. Sai mako mai zuwa, in muna da rai da lafiya.