Wane Irin Jari Muke Nema?

'Yan'uwa, kullum gwamnati tana gayyatar baƙi su zuba jari a noma, ma'adinai da wutar lantarki. Madalla. Amma wane irin jari? A 1957 wani kamfanin Ingila ya haɗa gwiwa da gwamnatin Jihar Arewa aka buɗe masaƙar Kaduna. Audugarmu ta zama yadi a gida, dubban mutane suka sami aiki a Kakuri. Yau kuwa cittar Kaciya da Kwoi a buhu take fita, a sarrafa ta a ƙetare, riba ta tsaya can. Baƙon da zai kafa injin sarrafawa kusa da manomi, a ba shi fili da wuta. Wanda ya zo da buhu kawai, kada a yafe masa haraji.