Waiwaye: Fiya-fiya da tambayar "Likita, zai tashi?"

A 2019 ne hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙaramar kwalbar maganin ƙwari na Sniper a kantuna da kasuwanni. Tun a 2015 ma Tarayyar Turai ta daina karɓar waken Najeriya saboda sinadarin da ke cikin Sniper. Amma fiya-fiya, mai ɗauke da wannan sinadari, bai bar ɗakunanmu ba. Daga Sabon Garin Gusau har Tsafe da Bunguɗu, shi ne maganin sauro, shi ne na kuɗin cizo, kuma sau tari a gorar lemo ake ɗura shi, a ajiye inda hannun yaro ke kaiwa.

In tsautsayi ya auku, dangi su kan tsare likita da tambaya guda: zai tashi? Rai na Allah ne, amma likita na da abin da yake dubawa, kuma an koyo da yawansa daga Sirilanka, ƙasar manoma da gubar feshi ta daɗe tana yi wa ɓarna. Binciken can ya nuna cewa ma'aunin hayyaci na Gilasgo, wanda aka fito da shi a 1974, na iya nuna wanda ke bakin haɗari: yana buɗe ido, yana amsa magana, yana motsi in an taɓa shi? Mai cikakken hayyaci maki 15 gare shi. Wanda ya iso da 13 ko ƙasa da haka, a sa masa ido sosai. Wannan awo ba ya buƙatar na'ura ko wutar lantarki.

Sai dai idon dangi kan yaudare su. Wanda ya sha fiya-fiya zai zo yana kumfa, gumi na zuba, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura, mata har sun fara salati. Alhali in aka yi masa allurar atirofin da wuri, aka taimaki numfashinsa, yana iya miƙewa. Bayan ya farfaɗo ma da sauran rina a kaba. A 1987 likitocin Sirilanka suka bayyana wani rauni da kan dawo tsakanin kwana 1 zuwa 4: mutum ya kasa ɗaga kai daga matashi, daga nan numfashi ya gaza. A daidai lokacin ne dangi, kuɗi ya ƙare, ke matsa wa a sallame su.

Farakwat, maganin ciyawan nan mai ƙone ganye nan take, akasin haka yake. Wanda ya sha shi zai zauna yana hira, bakinsa kawai ya yi gyambo, guba kuwa tana cin ƙoda da huhu a hankali, kuma ba ta da makari. Shi ya sa a ganina kwalbar da aka sha ta fi duk bayanin dangi amfani ga likita.

Sauran abin da ke raba rai da ajali jinkiri ne. Awa biyun da aka ɓata ana ɗura manja ko madara ba ta karya gubar, aman da ake jawowa ma yana iya faɗawa huhu. Ga hanyoyinmu da ba sa biyuwa da dare.

Don haka jama'a, in ta faru, a tuɓe masa tufafin da maganin ya jiƙa, a wanke jiki da sabulu, a kwantar da shi ta gefe, a ɗauki kwalbar, a nufi asibiti mafi kusa, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Yariman Bakura ga wanda ke Gusau. Kada a ɗauke shi sai likita ya sallama.