Amanar Yaron Da Ake Kira Ɗan Daudu

Da wuya a sami makarantar kwana a wannan yanki namu, daga Dutse zuwa Birnin Kudu, daga Kiyawa zuwa Jahun, wadda ba ta da yaro ɗaya ko biyu da Allah Ya halitta da siririyar murya da taushin tafiya, ko wanda ke jin ransa bai dace da surar jikinsa ba, ko kuwa wanda aka haifa mata-maza, iyaye suka rufa asiri har ranar da aka kai shi inda yara ke wanka a fili ɗaya. Irin wannan yaro shi ne ke ɗaukar bokitinsa tun kafin assalatu don kada ido ya gan shi. Shi ne ke sanin amsa a aji amma ya ƙi ɗaga hannu, domin da ya buɗe baki sai dariya ta ɓarke. Kuma shi ne wanda manyan ɗalibai ke tsarewa da dare su ce ya yi musu rangwaɗa, wani lokaci ma malami da kansa ya kira shi Hajiya a gaban sa'o'insa.

Waɗanda ke yin haka suna zaton addini suke karewa, alhali kuwa malaman da muka gāji karatu daga gare su sun fi su tausayi da tahƙiƙi nesa ba kusa ba. Imamu Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya rarrabe tsakanin wanda aka halitta da ɗabi'ar mata, wanda ya ce babu zargi ko zunubi a kansa, da wanda ya ƙirƙiro ta da gangan. Shaihu Halilu kuwa, wanda duk alƙalin ƙasar Hausa ya ƙoshi da Muhtasar ɗinsa, da mas'alar hunsa, wato mata-maza wanda aka kasa tantance jinsinsa, ya rufe littafin, ya yanka masa rabin rabon namiji da rabin na mace a gādo. Shari'ar da ta tsaya ta auna wa wannan bawan Allah haƙƙinsa a dukiyar ubansa, ta yaya za a jingina mata dukansa a bayan ɗakin kwana?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙarshen al'amarin. Yaron da aka hana sakat yakan gudu kafin ya gama aji uku, kuma da yake gida ma kunyarsa ake ji, sai ya nufi tasha, inda 'yan daudu masu tuwo-tuwo da suyar kaza za su ba shi tabarma da sana'a. Sa'an nan mu da muka kore shi mu koma muna nuna shi da baki.

A ƙarshen 2021 Gwamna Muhammadu Badaru Abubakar ya sa hannu a kan dokar kare haƙƙin yara ta Jihar Jigawa, kuma wannan yaro yana cikin waɗanda ta rufa. Wajibi ne Ma'aikatar Ilimi da ke Dutse ta umarci shugabannin makarantu su hukunta mai cin zarafinsa, ko ɗalibi ne ko malami. A kewaye wuraren wanka, a sa musu ƙofa. A naɗa malami mai riƙon sirri wanda yaro zai iya kai wa kuka. Wanda kuma lamarinsa na halittar jiki ne a haɗa iyayensa da likita cikin sutura, tun kafin balaga ta tona abin da aka ɓoye.