Makomar Yaran Da Aka Shigar Amurka Ba Bisa Ƙa'ida Ba

Ɗaya daga cikin batutuwan da suka daɗe suna raba kan 'yan siyasar Amurka shi ne makomar mutanen da iyayensu suka shigar da su ƙasar tun suna ƙanana ba tare da takardun izni ba. Akasarinsu daga Meziko aka kawo su, amma akwai 'yan Asiya da 'yan Afirka a cikinsu, har da 'yan Nijeriya waɗanda bizar iyayensu ta ƙare suka ci gaba da zama. Da yawansu a yau magidanta ne masu sana'a, waɗanda ba su san wata ƙasa ba sai Amurka.

Idan ba a manta ba, tun a shekarar 2001 Sanata Dick Durbin da Sanata Orrin Hatch suka gabatar da shirin dokar da aka fi sani da DREAM, domin ba waɗannan matasa hanyar samun iznin zama na dindindin. A shekarar 2010 Majalisar Wakilai ta amince da shi, amma ya sami ƙuri'a 55 a Majalisar Dattawa, alhali 60 ake bukata. Ganin haka ne Shugaba Barack Obama ya ɓullo da shirin DACA a ranar 15 ga Yuni, 2012, wanda ya dakatar da korar duk wanda ya shigo kafin ya cika shekara 16, ya zauna a ƙasar tun daga watan Yuni na 2007, ya yi karatu ko aikin soja, kuma ba shi da babban laifi. Ana ba shi iznin aiki na shekara biyu, wanda zai riƙa sabuntawa. Mutane fiye da 800,000 ne suka amfana da shirin.

Sai dai tun daga lokacin shirin ke tangal-tangal. A shekarar 2017 gwamnatin Shugaba Donald Trump ta yi shelar soke shi. A 2020 Kotun Ƙoli ta hana, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, bisa hujjar cewa ba a bi ƙa'ida wajen sokewar ba. A 2021 kuma wani alƙalin tarayya a Jihar Texas, Andrew Hanen, ya yanke hukuncin cewa shirin ya saɓa wa doka, ya kuma hana amincewa da sababbin masu nema.

Masu adawa da barin waɗannan mutane suna da hujjar da ta cancanci a saurara. Suna cewa yafe wa wanda ya keta doka tamkar gayyatar wasu ne su biyo sahu. Suna kafa misali da dokar 1986 da Shugaba Ronald Reagan ya sa wa hannu, wadda ta halatta zaman mutane kimanin miliyan 2.7, amma duk da haka yawan baƙin haure ya kai kusan miliyan 12 a shekarar 2007. Suna kuma cewa tsara dokar shige da fice aikin majalisa ne, ba na shugaban ƙasa ba.

A kan batu na biyu suna da gaskiya. Na farko kuwa yana da magani, domin kowace doka tana iya yanka ranar da ta tsaya, kamar yadda DACA ta tsaya a 2007, ta yadda wanda ya shigo daga baya ba shi da rabo. Daɗin daɗawa, yaron da aka goyo aka tsallaka iyaka da shi yana ɗan shekara uku bai yanke shawarar keta wata doka ba, kuma babu shari'ar da ke kama ɗa da laifin ubansa.

Ga mai lissafin riba da faɗuwa, maganar ta fi fitowa fili. Tun a shekarar 1982 Kotun Ƙoli ta hukunta cewa babu jihar da za ta hana yaro karatun gwamnati kyauta saboda rashin takardu. Ke nan masu biyan haraji sun riga sun kashe kuɗi a kan waɗannan yara daga firamare har sakandare. Korarsu a lokacin da suka fara aiki suna biyan haraji daidai yake da manomi ya yi shuka, ya yi noma, ya zuba taki, sannan ya miƙa wa maƙwabci gonar ana gab da girbi. Wannan ne ya sa ɗaruruwan shugabannin kamfanoni suka rubuta wa fadar shugaban ƙasa a 2017 suna roƙon a bar shirin, inda shugaban kamfanin Apple, Tim Cook, ya bayyana cewa ma'aikatansa 250 suna cikin waɗanda abin ya shafa.

Zaman jiran tsammani ma yana da tasa asarar. Mutumin da izninsa ke ƙarewa kowace shekara biyu zai yi wuya ya ci bashin banki na dogon lokaci, ko ya sa jari mai nauyi, haka nan kamfani zai yi ɗari-ɗari wajen horar da shi don babban muƙami. Babu abin da kasuwa ta ƙi jini kamar rashin tabbas.

Saboda haka ya kamata Majalisar Dokokin Amurka ta daina jingina nauyinta a kan kotuna. Abin da ya dace shi ne ta zartar da dokar da za ta ba waɗannan mutane iznin zama na dindindin bisa sharuɗɗa bayyanannu: tsayayyar ranar shigowa, shaidar karatu ko aiki, biyan haraji, da tsarkaka daga manyan laifuffuka. Tsaron iyaka batu ne na daban da za a iya tsaurarawa ba tare da an yi garkuwa da su ba. Fiye da shekara ashirin ke nan ana jan maganar, kuma wasu daga cikin yaran da aka fara ta a kansu a 2001 sun haura shekara arba'in.