Zama Da Kada Sai Da Iyaka

Duk shekara idan marka ta kama, Gulbin Gagare na Ƙauran Namoda da Gulbin Bunsuru na ƙasar Zurmi sukan cika su batse, su malala ta wajen Shinkafi zuwa Gulbin Rima. A irin wannan lokaci ne ambaliya kan iya kwaso kada ta bar shi cikin tafki ko kududdufin bayan gida, inda yara ke wanka, mata ke wanki. Kadoji sun ragu ainun saboda farautar fatarsu, amma fa ba su ƙare ba.

Lalle zama da kada mai yiwuwa ne. Mutanen Paga a ƙasar Gana sun daɗe suna maƙwabtaka da nasu. A shekarar 2011 kuwa masana suka tabbatar cewa akwai kada na yammacin Afirka wanda jinsinsa dabam yake da na Kogin Nilu, bai kai shi girma ko faɗa ba. To, amma sabo turken wawa ne. Kadan da ya saba samun abinci a wurin mutane yakan daina tsoronsu, ran da yunwa ta kama shi kuwa, akuya da yaro duk ɗaya ne gare shi. Dalili ke nan a jihar Fulorida ta Amurka doka ta hana ciyar da danginsa.

Saboda haka wajibi ne mahauta su bar zubar da jini da kayan ciki a bakin ruwa. Fatake masu cin kasuwar Shinkafi ran Alhamis su guji ƙetare mashigi ko shayar da dabbobi tsakanin magariba da fitowar rana, domin a lokacin ne ya fi farauta. Macen kuma takan tsare ƙwanta wajen wata 3, wanda ya kusanci wurin ya jawo wa kansa. In an ga kada cikin unguwa, sai a kai magana ga mai unguwa da Sarkin Ruwa. Jifa da taron 'yan kallo fusata shi kurum suke yi.

Nauyi mafi girma yana wuyan malamai, gama almajiransu amana ce, ga su kullum a bakin kududdufi. Ya kamata su tsawata musu, su kuma bayyana a majalisi cewa tawakkali bai kore riƙo da sababi ba, kiyaye rai kuwa wajibi ne a shari'a. Allah Ya tsare bayinSa, amin.