Bango Ma Allo Ne

Jama'a, a 2019 mun ga yadda matasa suka cika bangayen Khartoum da zane lokacin zaman dirshan a ƙofar hedikwatar soja. Ko wanda bai iya karatu ba ya fahimci saƙon. To me ya hana mu zana yarinya rungume da littafi a bangayen unguwanninmu?

Da 'yan mata 17 Babikir Badri ya fara makarantarsa a Rufa'a a 1907, daga baya zuriyarsa ta kafa Ahfad a Omdurman. Yaƙin 2023 ya rufe azuzuwa, kuma na san halinmu: in an buɗe, 'ya mace za a bari gida, wai ta yi girma. Uban da zai riƙa wucewa ta gaban hoton nan safe da yamma nake so ya ji nauyi. Wa zai fara ba mu aron bangonsa?